Dajin Falgore, Gonar da Ba Mu Shuka Ba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos ya san wurin da muke nufi. In mota ta rabu da titin Zariya a Kwanar Dangora, cikin ƙasar Kiru, gonaki ne dama da hagu, dawa da masara da shinkafa, har a wuce garin Tudun Wada. Can gaba sai gonaki su yanke, itatuwa su matso bakin hanya, iska kuma ta sake. Wannan shi ne Dajin Falgore. Da yawa daga cikinmu mukan ratsa shi da addu'a a baki, muna so direba ya fid da mu kafin rana ta faɗi, ba mu kuwa taɓa tambayar abin da ke ciki ba. A wannan wata muna so mu tsaya kaɗan tare da ku, masu karatu, mu dubi itatuwa da tsuntsaye da namun da Allah ya ajiye a nan, mu kuma tambayi kanmu abin da za mu bar wa 'ya'yanmu.

INDA DAJIN YAKE

Dajin yana kudu da Birnin Kano, tafiyar fiye da kilomita 100. Ya taɓa ƙasar Tudun Wada, da Doguwa, da Sumaila, faɗinsa kuma ya haura murabba'in kilomita 900. Daga gabas yana kusa da dajin Lame-Burra na Jihar Bauchi. Tun zamanin Turawa, cikin shekarun 1940, aka keɓe shi ya zama gandun daji, ana ce da shi Gandun Kogin Kano. Cikin shekarun 1960 aka ɗaga matsayinsa ya zama wurin kiyaye namun daji, ya kuma ɗauki sunan Falgore.

Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa sauran ƙasar Kano. A yawancin shekaru yakan wuce milimita 1,000, musamman wajen duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Saboda haka ne ake samun itatuwa a nan waɗanda mutumin Ɗambatta ko Bichi ba ya ganinsu a ƙasarsu.

Kogin Kano ya ratsa dajin daga kudu zuwa arewa, ya zuba cikin tafkin Tiga. An gama ginin madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, tana kuma iya riƙe ruwa kusan mita cubic biliyan 2. Ruwan nan ne ake ban ruwa da shi a Kadawa da Kura, shi ne kuma yake gangarawa ya haɗu da Kogin Challawa, ya nufi Hadejia da fadamun Nguru. Wato mai tumatir a Kadawa, da mai kamun kifi a Tiga, da mai shinkafa a Hadejia, dukansu suna da rabo cikin dajin nan ko ba su taɓa sa ƙafa a ciki ba. Saiwoyin itatuwa da ciyawa su ne suke riƙe ƙasa sa'ad da ruwa ya sauko da ƙarfi. In aka tsiraita gangaren, ruwa zai kwashi yashi da laka ya kai cikin tafki, tafkin ya yi ta cikewa a hankali, ruwan da yake riƙewa ya ragu.

ITATUWAN DA KAKANNINMU SUKA SANI

Wanda bai saba ba zai ce daji duk ɗaya ne, ganye ne kawai. Amma gani ya kori ji. In ka tsaya ka duba, kowane itace yana da kamanninsa, da lokacinsa, da aikinsa.

Itacen da ya fi yawa a tudun dajin shi ne doka. Wajen ƙarshen rani, tun ruwa bai sauko ba, sai ta fid da sabon ganye jajaye masu sheƙi, daga baya su koma kore. Maje ma haka yake yi, shi kuwa dogo ne, yakan zarce 'yan'uwansa, ana kuma samun ƙaro mai ƙanshi a jikinsa. A bakin kogi da ƙoramu akwai maɗaci, wanda iyayenmu mata suka san ɗacin ɓawonsa, masassaƙa kuma suka san kyan katakonsa. Akwai marke, da kawo, da kanya, da ɗinya, da tsamiya, da ɓaure. Akwai ƙananan da yara makiyaya suka fi kowa sani domin 'ya'yansu, wato taura, da tsada, da gwandar daji. Tsakiyar hunturu, sa'ad da daji ya bushe ya yi fari, gurjiya takan yi jan fure ba ganye ko ɗaya a kanta, maɗobiya kuma ta lulluɓe da fure rawaya, ƙudan zuma su yi ta kaiwa da kawowa.

A gonakin da ke kewaye da dajin, a Bebeji da Kiru da Tudun Wada, akwai waɗansu itatuwa waɗanda kakanninmu suka bari da gangan sa'ad da suke sassabe. Ɗorawa tana cikinsu. Daga kalwarta ake yin daddawa, garinta abinci ne a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ɓawon 'ya'yanta kuma shi ne makubar da ake daɓe da ita. Kaɗanya tana ba da 'ya'ya farkon damina, daidai lokacin da manomi yake gona da yunwa, ƙwararta kuma ita ce man kaɗe. Kuka tana ba da miya. Gawo kuwa yana da wata hali tasa dabam, gama yakan zub da ganyensa da damina, ya bar rana ta kai ga shuka, ganyen ya zama taki, sa'an nan da rani ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da abinci.

Ga abin da ya kamata kowane mai gatari ya sani. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta soma 'ya'ya, tana kuwa iya rayuwa fiye da shekara 200. Wadda matarka take tsintar ƙwara a gindinta, watakila tun kafin Turawa su ci Kano a 1903 take tsaye a wurin. Da injin yanka itace, kafin a gama dafa tuwo an kā da ita. Buhunan gawayin da za a samu, kuɗinsu ba zai kai kaka ba, amma man da za ta ba gidan har jikoki ya tafi ke nan.

Ba mu ƙi dogon yaro da turare ba, suna da amfaninsu. Amma baƙi ne, an kawo dogon yaro daga Indiya, turare kuma daga Ostiraliya. Ba sa ba da daddawa, ba sa ba da man kaɗe, ba sa ba da miya. Wanda ya sare ɗorawa goma ya dasa dogon yaro goma bai biya bashi ba.

TSUNTSAYE DA DARASINSU

Masanan tsuntsaye na duniya sun lasafta Falgore da Lame-Burra cikin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye a Nijeriya. Ba sai ka shiga tsakiyar daji za ka ga dalili ba. Ka fita da asuba zuwa bakin ƙorama ko gefen gona, ka zauna shiru. Kafin gari ya waye sarai za ka ji fakara tana kira, zabin daji suna amsawa, kurciya da hasbiya suna kuka a kan reshe. Makokofa yana ƙwanƙwasa busasshen itace yana neman tsutsa. Garken tsirya ya wuce da hayaniya. Ragon maza yana tsalle cikin ƙaya da jan bayansa. A bakin tafkin Tiga da na Bagauda kuwa akwai zalɓe, da balbela, da kirinjijiya.

Bari mu ɗauki kaɗan daga cikinsu.

Shamuwa kowa ya san ta, gama ba ta tsoron mutane, a kan itacen tsakar gari take sheƙa. In ta iso, manomi ya san lokaci ya yi da zai gyara garmarsa. Amma mutane kaɗan ne suka san inda take zuwa bayan kaka. Takan ƙetare rabin Afirka, ta bi ruwan sama zuwa ƙasashen kudu kamar Zambiya da Zimbabwe, gama lokacin raninmu shi ne daminarsu. Can ma fara da tsutsar gona take ci, kamar yadda take yi mana a nan. Annabi Irmiya, cikin sura 8, ya ɗauki irin waɗannan tsuntsaye masu ƙaura ya kunyata mutanensa da su, domin tsuntsu yana kiyaye lokacin da aka sa masa, mutane kuwa sun manta da ka'idar Ubangijinsu. Waɗansu ƙananan tsuntsaye kuma, irin su tsattsewa, daga Turai suke zuwa mana da kaka. Sukan ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, nauyinsu kuwa bai kai na ƙwan kaza ba.

Cilakowa tana da al'ada mai ban mamaki. In lokacin ƙwai ya yi, macen takan shiga kogon itace, a toshe ƙofar da laka da kashi, a bar 'yar tsaga wadda baki kaɗai zai shiga. A ciki za ta zauna makonni tana kwanci. Namijin ne yake ta jigila, yana kawo mata abinci ta tsagar nan daga safe har yamma, har 'ya'ya su yi ƙwari. In yaro ya harbe namijin da danƙo, ba tsuntsu ɗaya ya kashe ba, gida guda ne, gama waɗanda ke ciki yunwa za ta gama da su. Magidanta, akwai wa'azi a nan wanda ba ya bukatar fasto. Ku lura kuma, tsohon itace ne yake da kogo. In an sare manyan duka, ko an bar ƙananan, cilakowa ba ta da ɗaki.

Burtu babban ɗan'uwanta ne, baƙi, mai tafiya a ƙasa yana tsintar ƙadangaru da macizai da fara. Maharban ƙasar Hausa sukan ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya, su matsa kusa da nama ba tare da ya tsorata ba, domin namun daji sun saba ganinsa. Burtu ba ya yawan haihuwa, ɗa guda yakan rena a sheƙa. Shi ya sa in ya ƙare a wuri, dawowarsa da wuya.

Sai ungulu. Dā babu mahautar da ba a ganinta, har Bahaushe ya ce ungulu ba ta jewar banza. Ku tambayi 'ya'yanku yau ko sun taɓa ganinta. Ana kama ta a sayar wa masu tsubbu, ana kuma sa guba a mushe, ta ci ta mutu. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin jerin waɗanda suke bakin ƙarewa. Ba ta da kyan gani, gaskiya ne, amma ita ce mai sharar da Allah ya naɗa. Mushen da za ta cinye cikin sa'o'i kaɗan, in ba ta nan, zai kwana yana ruɓa, ƙudaje da karnuka su kwashi cuta su kawo gida. Gauraka ma, mai kambi a ka, wadda dā ake ganinta a fadamun ƙasar Hausa, ta kusa ɓacewa daga Nijeriya ɗungum.

Mujiya kuwa, mun san abin da ake faɗa a kanta, cewa kukanta mugun alama ne. Mai bin Yesu ba ya karɓar labarin ransa daga bakin tsuntsu. Mujiya ɓeraye take ci, waɗanda suke ɓarnar hatsi a rumbu. Jemage ma da ake ƙyama, shi ne yake bin furen ɗorawa da na kuka da dare yana shan zaƙinsu, garin haka yana kai ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, 'ya'ya su ƙullu. Wato daddawar miyarki, uwargida, akwai hannun jemage a ciki.

NAMUN DAJI

 An san dajin da gwanki, da kanki, da gwambaza, da ɓauna, da mazo, da kura, da damisa. Yau manyan nan sun yi ƙaranci ƙwarai. Waɗanda suka fi jimrewa su ne gwaggon biri, da jan biri, da mugun dawa, da gada, da dila, da ƙanana irin su zomo, da kurege, da beguwa, da damo. Matafiya sukan ga birai a bakin hanya, musamman da sassafe.

Namun daji ba sa son a gan su, saboda haka mai lura yakan karanta ƙasa kamar wasiƙa. A yashin bakin kogi da safe za ka ga sawun gada kamar an danna yatsu biyu. Inda ƙasa ta tone an ciro saiwa, mugun dawa ya yi kiwo. Ƙayar beguwa a bakin rami ta gaya maka mai gidan. Tsofaffin maharba sun san wannan karatu sarai, ya kuwa kamata samari su koya daga wurinsu tun suna da rai, ba domin harbi ba, amma domin sani.

ME YA SAME SHI?

Ba abu ɗaya ba ne. Mutane sun ƙaru, ana bukatar gona, gonaki kuma suna cin gefen daji kowace shekara. Birnin Kano yana bukatar itacen girki da gawayi, motoci kuwa suna ɗauka. Da rani makiyaya sukan sassare rassan kawo da maɗobiya da maɗaci domin shanu, in kuwa an yi ta yi kowace shekara, itacen ba ya samun yin 'ya'ya. Ana cinna wuta domin a kori ɓera da zomo, wutar ta cinye ƙananan itatuwa da ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Bindiga ta maye gurbin baka. Maɗobiya kuwa ta gamu da wata masifa dabam, gama 'yan kasuwa sun yi ta kwasar katakonta daga ƙasashen Afirka ta Yamma zuwa Sin, har ya zama tun daga 2017 dokar duniya ta sa wa cinikinta takunkumi.

Akwai kuma zancen tsaro. Ɓarayin shanu da 'yan fashi sun sami maɓoya a dajin, mutanen Doguwa da Tudun Wada sun sha wuya a hannunsu, matafiya ma haka. A 2017 rundunar sojan Nijeriya ta yi atisaye a dajin, wanda ta kira Harbin Kunama II, ta kuma mai da wani sashensa filin horo. Don haka muna gargaɗi, kada kowa ya ɗauki yara ya kutsa ciki da kansa. In za a shiga, sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandun daji. Amma akwai wata hasara a nan wadda ba a cika faɗa ba. In mutanen kirki suka daina zuwa wuri, suka daina saninsa, ba mai yin magana sa'ad da ake ɓarnarsa.

Falgore yanzu kamar tsibiri yake, gonaki sun kewaye shi kamar ruwa. Dabbar da ke tsibiri ba ta da wurin gudu. A tsibirin Moris, cikin Tekun Indiya, an yi wani babban tsuntsu mara tashi, sunansa dodo, ko da yake ba dodon tatsuniya ba ne, gama ba ya cutar kowa. Jiragen Turawa suka yi ta tsayawa a tsibirin daga wajen 1598, suka kawo aladu da ɓeraye masu cin ƙwai, suka sare daji. Kafin shekara ta 1700 babu dodo ko ɗaya a duniya. Abin da Allah ya halitta, mutum ya share, ba kuwa wanda zai iya mai da shi.

MENE NE RUWAN MAI BI?

Wani zai ce, wannan aikin gwamnati ne, mu namu shi ne bishara. Bari mu duba Littafi. A Farawa sura 2, aikin fari da Allah ya ba mutum aikin lambu ne, aikin kuwa kashi biyu ne, ya ci amfani, ya kuma yi tsaro. A sura ɗin nan kuma Adamu ne ya raɗa wa dabbobi da tsuntsaye suna. Mutum ba ya tsaron abin da bai san sunansa ba. In yaranmu sun san sunayen 'yan ƙwallon Ingila goma sha ɗaya, amma ba su iya bambanta maje da doka ba, to, mun yi sakaci da wani gādo.

Shari'ar Musa ta sauko har kan sheƙar tsuntsu. A Maimaitawar Shari'a sura 22 an hana mutum ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe, sai ya saki uwar. A sura 20 an hana sojan da ya kewaye birni ya sare itatuwa masu 'ya'ya, ko da yake lokacin yaƙi ne. In haka ne a lokacin yaƙi, ina misalin lokacin salama? Zabura 104 kuma, daga farko har ƙarshe, yabo ne ga Allah saboda maɓuɓɓuga da itatuwa da tsuntsaye da namun jeji. Ubangiji Yesu da kansa, a Matiyu sura 6, ya aiki masu damuwa su je su dubi tsuntsaye da furanni. Yaya za mu cika wannan umarni in babu abin dubawa?

Akwai wata magana da ta shafe mu musamman, mu da iyayenmu ko kakanninmu suka fito daga Maguzanci. A dā ana tsoron waɗansu itatuwa, kamar tsamiya da kuka, ana cewa mazaunin iskoki ne, ana yanka a gindinsu. Tsoron nan ya tsare itatuwa da yawa daga gatari. Da haske ya zo, tsoro ya tafi, mun gode wa Allah. Amma kada 'yancinmu ya zama dalilin ɓarna. Romawa sura 1 ta hana mu bauta wa halitta, ba ta ce mu hallaka ta ba. Tsamiya ba allah ba ce, ba kuma maƙiyiya ba ce, aikin hannun Ubanmu ce. Abin kunya ne a ce tsoron iskoki ya kiyaye abin da ƙaunar Allah ta kāsa kiyayewa.

Ba mu manta da talauci ba. Matar da ke neman itacen dafa tuwo ba ita ce mai laifi ba, saurayin da ke ƙona gawayi kuma sau da yawa kuɗin magani ko na makaranta yake nema. Ba daidai ba ne mai ƙoshi ya tsaya a bagadi ya la'anci mai yunwa. Abin da ake bukata shi ne hanyar da za a sami itace ba tare da an kashe tushensa ba. Hanyar kuwa tana nan, a ƙasar Hausa aka gwada ta.

DARASI DAGA MARAƊI

Bayan farin 1973, ƙasar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi. An yi ta dasa itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostiraliya, ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma suke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona ba ciyayi ba ne. Kututturan tsofaffin itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa da zurfi. Sai ya shawarci manoma su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, su sare sauran, su yi ta gyara waɗanda suka bari. Tun da saiwa ta riga ta kafu, tsiron yakan yi girma da sauri fiye da dashe. Aka kira wannan sassabin zamani. Da fari an yi masa dariya. Bayan yunwar 1984 mutane suka soma karɓa, maƙwabci yana koya daga maƙwabci, Musulmi da Kirista. Yau ana lasafta cewa hanyar nan ta dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Mata suna samun itacen girki daga rassan da aka gyara, a gonarsu, ba sai sun yi tafiyar yini ba.

In an yi haka a Maraɗi inda ruwa bai kai rabin na Doguwa ba, me zai hana a Kiru da Bebeji? Kowace gona da ta ba da itacen girkinta, ta rage wa Falgore gatari ɗaya.

ABIN DA KOWANE GIDA ZAI IYA YI

Maigida, bana in ka zo sharar gona, ka bar kututture biyar ko goma su tashi. Ka fi mai da hankali ga kaɗanya da ɗorawa da gawo in ka same su. Kada ka cinna wuta ka tafi.

Uwargida, ki tara kalwa da ƙwarar kaɗe da 'ya'yan tsamiya kaɗan, ki ba yara su shuka a bayan gida, su kewaye da ƙaya saboda awaki. Ƙwarar kaɗe ba ta jimre ajiya, sai a shuka ta tana sabuwa. Murhun laka mai rufaffen gefe kuma ya fi na duwatsu uku tattalin itace. Zumuntar mata za ta iya koya wa juna gininsa.

Malaman Makarantar Lahadi, ku fita da yara sau ɗaya a wata zuwa gefen gari, ku gayyaci wani dattijo ko tsohuwa su faɗi sunan kowane itace da amfaninsa. Ku ba yara littafin rubutu guda, su riƙa sa ranar da shamuwa ta iso, da ranar da ɗorawa ta yi fure, da tsuntsayen da suka gani. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ƙware, akwai gaba a gare shi, gama a Laminga kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, a ƙarƙashin Jami'ar Jos, inda 'yan Afirka suke samun babban digiri a kan wannan ilimi.

Samari, ku ajiye danƙo da tarko a lokacin da tsuntsaye suke sheƙa. Kada kuma mai bi ya sa hannu cikin cinikin ungulu ko mujiya, ko nawa aka taya.

Dattawan ekklisiya, ku dasa itatuwan ƙasarmu a filin majami'a da maƙabarta. Ku kuma zauna da mai unguwa, da liman, da arɗon Fulani, ku yi shawara a kan wuta da sara, gama kogi ɗaya muke sha, inuwa kuma ba ta tambayar addinin mai zama.

Ba mu muka shuka Falgore ba, ba kuwa kakanninmu ba ne. Mun tarar da shi, muka ci, muka sha, muka yi magani. Wata rana Mai gonar zai tambayi masu tsaro. Muna roƙon ku karanta Zabura 104 tare da iyalinku a sujadar yamma cikin makon nan, ku bar kowane yaro ya faɗi sunan itace ɗaya da tsuntsu ɗaya da yake gode wa Allah dominsu. Ku yi addu'a saboda mutanen Doguwa da Tudun Wada da ma'aikatan da ke gadin dajin, Ubangiji ya ba su salama. Allah ya ba mu idon gani da hannun tsaro. Amin.